Ƙafar Gaban Keke

'Yan'uwa mata, akwai wani wasa wai shi tirayatalon, watau iyo da tseren keke da gudu a jere. A 2000 ya shiga Olamfik, Brigitte McMahon ta Suwizalan ta ci zinariyar mata. Masu wannan tsere suna son gargare mai faɗin gefe, don yana tsaga iska.

To, amma ƙafar gaba ita ke juya keke. In iska ta bugo ta gefe, faffaɗan gargare ya tare ta kamar faifai, sai kan keken ya fizge. Ƙato ya riƙe abinsa, yarinya marar jiki kuwa sai ƙasa. Ko gwanayen ma, na gabansu sau da yawa bai kai na baya faɗi ba.

Saboda haka, uwargida, in maigida zai sayo wa 'yar makaranta keke a Sabon Gari, tuna masa da iskar hunturu, kada ƙyalli ya ruɗe shi. Ya zaɓi siririn gargare, ya biya wurin mai gyara a Fagge, a juya ƙafar a gabansa, a ga ko ta karkace.