Ƙidayar mata: an san yawansu, saura a san aikinsu

Ƙasarmu ta Nijar ta ƙidaya jama'arta a shekara ta 1977, ta sake a 1988, da 2001, da kuma 2012. A wannan karo na huɗu an samu mutum 17.138.707, daga cikinsu mata 8.619.889, maza kuma 8.518.818. Ke nan mata sun ɗara maza da mutum sama da dubu 100. Yawan kawuna dai an san shi. Amma ma'aikacin da ke zaune a Yamai yana tsara fasalin raya ƙasa, abin da yake bukata ya wuce yawan kawuna: yana so ya san wa ke noma, wa ke kiwo, gonar kuma ta wace ce.

Jama'a masu karatu, ku dubi yadda tambaya take gudana a ƙauye. Ma'aikacin ƙidaya ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma a zaure, maigida ya fito. In aka zo kan sana'ar matarsa, sai ya ce ba ta aikin komai, tana gida. Ba ƙarya ya yi niyya ba, haka ya saba gani. Sai a rubuta ta cikin masu zaman gida, alhali tun da asuba ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta ba awaki dusa, da damina ta nome gamanarta, da rani ta matse man gyaɗa ta toya ƙuli-ƙuli ta aza wa ɗiya talla. Jar akuyar nan ta Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, galibi a hannun mata take, amma sau da yawa da sunan gida ake lissafa ta, gida kuwa da sunan namiji ake kiransa.

Wannan kuskure yana da tsada. Idan takarda ta nuna cewa manomi namiji ne, to iri da taki da bashin noma hannun namiji za su bi, malamin gona ma shi zai nema. A shekara ta 2006 Marthe Diarra da Marie Monimart sun fitar da wani bincike da ya nuna yadda ƙarancin ƙasar noma a kudancin jahar Maraɗi yake raba mata da gonaki. Irin wannan al'amari, lissafin da bai raba gonar miji da ta mata ba ba zai taɓa ganinsa ba, domin a takarda gidan yana nan da gonarsa.

Abin lura shi ne, inda aka tambayi mata da bakinsu an samu amsa. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a 1992, da 1998, da 2006, da 2012, mata ƴan shekara 15 zuwa 49 aka zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Ta haka aka gane a 2012 cewa mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 bisa matsakaicin lissafi, kuma kashi 76 cikin 100 na mata ƴan shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Alƙaluman nan sun tayar da muhawara mai zafi, amma aƙalla masu muhawarar suna da abin riƙewa. A ganinmu hanyar da aka bi wajen haihuwa da aure ita ce ya kamata a bi wajen gona, da dabba, da kuɗi.

Ma'auni ma ya sauya. Taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995 ya nemi gwamnatoci su riƙa raba alƙalumansu tsakanin maza da mata, kuma a 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago a Janiba ya amince cewa abin da mutum ya yi domin amfanin gidansa, shi ma aiki ne da ya cancanci lissafi. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda doka ta kafa a 2004, tana da hurumin aiki da wannan ma'auni.

Gyaran da ake bukata ba duka ne ke cin kuɗi ba. Gidan da ake kulle, mace ce kaɗai za ta iya shiga ta yi tambaya, don haka a ɗauki mata da yawa cikin masu ƙidaya. A kuma sake tambayar kanta: maimakon a ce mece ce sana'arki, a ce me kika yi jiya tun daga asuba har dare. Kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, su riƙa nuna a rajista ko mai gonar namiji ne ko mace, a tara jimillar kowace shekara a gunduma. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a Maraɗi a 1991, sun daɗe suna riƙe da lissafin zubi da rance na kowane mako. Ma'aikacin fasali da ya je ya zauna da su zai tarar da alƙaluman da ba su cikin ofishinsa.