Rigar Nutso: A Sayi Ta Ruwan Da Za A Shiga

Kwanakin nan samarinmu da ke makaranta a Washinton da Meriland da Birjiniya sun fara sha'awar koyon nutso da tukunyar iska a baya, iyaye kuwa su ake tambaya kuɗin kaya. Muka ga ya kamata mu ɗan yi bayani a kan rigar da mai nutso ke sawa, domin a kanta ne mutum kan so ya rage kuɗi, alhali kuwa ita ce tsakanin yaro da ajali.

Da fari dai kada wani ya ce wannan wasan Turawa ne. A nan Washinton, cikin 1959, Dokta Albert José Jones ya kafa ƙungiyar baƙar fata masu nutso mai suna Underwater Adventure Seekers, kana cikin 1991 shi da Ric Powell suka kafa ta ƙasa duka, watau National Association of Black Scuba Divers. Cikin 1993 mutanensu suka nutsa a tekun Filorida, suka ajiye allon tunawa a wurin da jirgin bayi Henrietta Marie ya nutse tun 1700. Haka kuma jirgin São José, wanda ya fashe kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu cikin 1794 ɗauke da bayi wajen 500 daga Mozambik, fiye da 200 suka halaka. Masu nutso ne suka tsamo ƙarafansa, aka nuna su a gidan tarihin baƙar fata da aka buɗe nan birni cikin 2016. Aiki ne na mutunci. Amma ruwan Filorida ɗumi gare shi, na Cape Town kuwa sanyi ƙarara, rigar da ta isa a ɗaya ba ta isa a ɗayan.

Dalili kuwa shi ne ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska wajen ninki 25. A ma'aunin Farenhait da ake aiki da shi a ƙasar nan, jikin mai lafiya digiri 98 ne da 'yan kai, ruwa kuma yana daskarewa a 32. In zafin jiki ya sauka ƙasa da 95, sai makyarkyata ta kama mutum, yatsu su sandare, hankali ya fara gushewa. Mai nutson da yatsunsa suka ƙi motsi ba ya iya sarrafa kayansa, ko da iska na cike a tukunya.

Mu da ke bakin kogin Potomac mun ga misali. Ran 13 ga Janairu 1982 jirgin saman Air Florida ya bugi gadar titi na 14 ya faɗa kogi, mutum 78 suka rasu. Cikin 'yan kaɗan da suka fito da rai, wata mace ta kasa riƙe abin ceton da aka jefa mata saboda sanyi, sai da wani ma'aikaci, Lenny Skutnik, ya faɗa ruwa ya jawo ta. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma jirgin fasinja da helikwafta ta soja suka yi karo, mutum 67 suka rasu, masu nutso suka yi kwanaki suna aiki cikin ruwa mai duhu da tsananin sanyi. Kogin nan ne dai da a watan Agusta yake da ɗumi kamar ruwan wanka.

To, rigar iri biyu ce. Ta farko jiƙaƙƙiya, ta wata roba mai suna niyofirin, wadda wani masani na Kaliforniya, Hugh Bradner, ya ƙago cikin 1952. Ruwa kaɗan yakan shiga ya kwanta tsakanin fata da riga, jiki ya ɗumama shi, ƙananan kumfan iska da ke cikin robar su hana zafin fita. Saboda haka tilas ta kama jiki sosai. In ta yi burmi kamar babbar riga, ruwan sanyi ya yi ta shiga yana fita, an yi hasarar kuɗi ke nan. Kaurinta da milimita ake aunawa. Bisa ƙiyasin masu koyarwa, mai kauri 3 ta ishi ruwan da ya kai wajen digiri 75 zuwa sama, mai 5 ta wajen 65 zuwa 75, mai 7 da hula da safar hannu ta wajen 55 zuwa 65. Siriri da mai jin sanyi su ƙara kauri.

Ta biyu busasshiya. Ita tana da zif mai hana ruwa da roba mai kama wuya da wuyan hannu, ruwa ba ya taɓa jiki sam. Mutum yakan sa tufafin ɗumi daga ciki, ya riƙa busa mata iska daga tukunya in yana sauka, ya saki iskar ta bawul ɗin kafaɗa in yana hawa. Ita ce ta ruwan da ya gaza digiri 55, da ta mai daɗewa a ƙasa. Kuɗinta ya ninka na jiƙaƙƙiya sau da dama, ba a kuma sa ta sai da koyo na musamman, gama in iskar ta taru a ƙafafu sai ta kifar da mutum, ta cilla shi sama da gudu, hawa da gudu kuwa yana iya illata huhu.

Ga abu biyu da kan ruɗi baƙo. Ɗaya, zafin gari ba shi ne zafin ruwa ba. Tsofaffin ramukan fasa dutse da ake koyon nutso cikinsu a Birjiniya, samansu kan yi ɗumi da rani, amma can ƙasa hunturu ba ya ƙarewa. Na biyu, in an sauka ƙafa 33 nauyin da ke danne jiki ya ninka, kumfan robar ya matse, rigar ta sirance, ɗuminta ya ragu daidai inda aka fi bukatarsa.

'Yan kasuwa, kun fi mu sanin cewa araha ba ta ado. Jiƙaƙƙiyar gwanjo da ta sha nutso ta riga ta matse, lambar da ke jikinta 7 amma aikinta bai kai ba. Busasshiyar gwanjo kuwa a duba zif da robar wuya, in sun tsage ba ta da amfani sai an canja su. Shawararmu ita ce yaro ya fara da haya a makarantar da ke koya masa, ya tambayi zafin ruwan a zurfin da za a kai shi, sa'an nan a saya. Kada ya nutsa shi kaɗai, in makyarkyata ta soma ya gaya wa abokinsa su hau a hankali, ba abin kunya ba ne. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, rai kuwa amana ce a wuyan uba da ɗa.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu a tudu da ruwa, amin.