Ko Ka San Shafi Na 2 Da Na 3 Ba Maƙwabta Ba Ne A Cikin Injin Ɗab'i?

Ko ka san cewa shafuka biyun da ke fuskantar juna idan ka buɗe mujalla, galibi ba a falle ɗaya aka buga su ba? Samu mujalla mai shafi 16 wadda aka ɗinke da waya a tsakiya, ka zare wayar. Falle huɗu kacal za ka tarar, kowanne a ninke biyu. Shafi na 1 yana tare da na 16, na 2 da na 15, na 3 da na 14. Cikin shafukan da ke fuskantar juna, na 8 da na 9 ne kaɗai suka fito daga inji kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa irin wannan mujalla ba ta zama shafi 10 ko 14, sai irin su 8 ko 12 ko 16. Saboda haka ɗalibin Buza ko Madawa ko Keita da malami ya ba aikin tsara shafi biyu a kan kiɗa da waƙa, ra'ayina shi ne ya fara sanin halin injin da zai buga aikin kafin ya zaɓi hoto ko launi, domin injin ne ke da magana ta ƙarshe.

Injin da manyan maɗaba'u ke buga mujallu da shi, wanda ake kira ofset, ya ginu ne a kan abin da kowace mai girki ta sani, wato mai da ruwa ba sa haɗuwa. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, shi ya fara ɗab'i da wannan dabara a kan dutse a 1796. A farkon shekarun 1900 wani maɗabi'in Amurka, Ira Rubel, ya lura cewa idan tawada ta fara sauka a kan roba sannan ta koma kan takarda, bugun ya fi fita tsaf. A yau faranti ne na alminiyam ake naɗawa a jikin gangar ƙarfe. Ana fara shafa masa ruwa, ruwan ya kama duk inda babu rubutu. Tawada mai maiƙo ta biyo baya ta kama sauran wurin. Farantin ya miƙa wa roba, robar ta miƙa wa takarda. Kuma duk launukan da kake gani, tawada huɗu ce ta haife su: shuɗi mai haske, ja mai karkata zuwa shunayya, rawaya da baƙi, kowace da farantinta. Ɗora gilashin ƙara girma a kan fuskar mawaƙi a mujalla, za ka ga ƙananan ɗigo ne birjik, manya a inda ke da duhu, ƙanana a inda ke da haske. Idonka ne ke gauraya su.

To, me wannan ya jawo wa mai tsara shafi? A ce ɗalibi ya samu hoton Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ke kaɗa gita da hannun hagu, ya shimfiɗa shi daga shafi na 2 zuwa na 3, wuyan gitar ya ratsa tsakiya. A fuskar kwamfuta abin sai wanda ya gani. Amma rabin hoton yana falle ɗaya, rabin yana wani, kuma naɗi ko yanka ba ya rasa kaucewa da milimita ɗaya ko biyu. Wannan ɗan kaucewa ya isa ya karya tsirkiyoyi shida a tsakiyar shafi, kowace ta kasa gamuwa da ƴar'uwarta. Idan hanci ko idon mai gitar ne ya faɗa wurin, shi ma haka zai karye. Maganin abin shi ne a nemi shafukan tsakiya don babban hoto, in ba a samu ba a bar sararin sama ko bango ya ratsa naɗin, fuska da kanun labari su tsaya gefe guda. Haka kuma hoton da ake so ya kai bakin takarda sai an bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe, kamar yadda tela ke barin rarar yadi don ɗinki, in ba haka ba wuƙar yanka ta bar farin zare a gefe. Ƙananan rubutu kuwa a yi su da baƙar tawada kaɗai, don idan faranti uku suka haɗu a kan siririn harafi, ɗaya ya goce kaɗan, rubutun sai ya yi inuwa.

Sai girman hoto. Maɗaba'u na neman ɗigo 300 a kowane inci. Shafi biyu na A4 faɗinsu santimita 42 ne, wato ana bukatar hoto mai faɗin ɗigo kusan 5,000. Hoto mai ɗigo 1,600 bai wuce santimita 13 da rabi ba a wannan ma'auni, kuma WhatsApp yakan rage hoton da aka tura ta hanyar da aka saba. Wanda zai yi amfani da hoton makaɗan kalangu a filin kokawa, ko masu fafatawa a gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu a Tawa, sai ya karɓi ainihin hoton daga wayar da ta ɗauka. Launi ma yakan sauya: waya da haske take nuna shi, takarda da tawada, shi ya sa shuɗin rawani mai ƙyalli yakan fito a dushe.

Wani zai ce wannan duk zancen manyan maɗaba'un Yamai da Kano ne, ɗalibin Buza kuwa shagon fotokofi zai je, ko ya tura aikin ta waya. Gaskiya ne ba a kunna ofset don kwafi ashirin, kuɗin faranti kaɗai ya hana. Sai dai mai fotokofi ma falle na A3 zai ninke, don haka lissafin shafi na 2 da na 15 yana nan daram. Injinsa ma ya fi takura, domin yawanci ba ya kai bugu bakin takarda, kuma in baƙi da fari ne, jan rubutu a kan koren fili sai su zama toka ɗaya. Ita kuwa waya shafi ɗaiɗai ta fi nunawa, ta yanke hoton daidai inda naɗi zai yanke shi.

Wani kuma zai ce yawan ƙa'ida na kashe basirar yaro. Ban yarda ba. Abin da ke kashe gwiwa shi ne yaro ya yi wahala, ya biya kuɗi, ya karɓi aiki da fuskar mawaƙi a tsage. Wanda ya san inda wuƙa da naɗi za su bi, shi ke iya sakin jiki ya yi hoto babba ba fargaba. Kuma akwai abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: ba kowane salon haruffa ke da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, kanun da ke ɗauke da kalmar kiɗa sai ya fito da ɗan akwati a tsakiya ko baƙon harafi.

Malamai, kafin ɗalibi ya taɓa kwamfuta, ku ba shi farar takarda falle huɗu ya ninke, ya rubuta lambar shafuka da hannunsa, sannan ya ware su ya gani. Ɗalibai kuma ku buga kwafi ɗaya na gwaji, ku ninke, ku duba tsakiya da gefe kafin ku biya kuɗin sauran.