Rano da Kibiya: An Raba Ofis, Amma Wa Zai Sayi Greda?

A shekarar 1976 gwamnatin soja ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, aka kawo ƙarshen tsarin En'e, wadda a da ita ce ke riƙe da haraji da asibiti da makarantun lardi a hannu guda. Jihar Kano ta tashi da ƙananan hukumomi 20, Rano na cikinsu. Daga baya aka ci gaba da yanka, Bunkure da Kibiya suka samu nasu, har jihar ta kai 44, ƙasa baki ɗaya kuma 774 a 1996.

Mutumin Kibiya ya amfana, babu shakka. Takardar da a da sai ya je Rano, yau yana samunta a gida. Sai dai akwai wata matsala da masana tattalin arziki suka daɗe da ganowa, wato kowane irin aiki yana da yawan jama'ar da yake bukata kafin ya riƙe kansa. Rijiyar burtsatse unguwa ɗaya ta ishe ta. Makarantar firamare kuwa ƙauye guda. Amma motar greda, ko ɗakin tiyata, ko na'urar tace ruwa, kuɗin saye da na kulawa ba sa raguwa don masu amfani da su sun yi kaɗan. Idan ƙaramar hukuma ɗaya ta sayi greda, sai ta yi aikin 'yan watanni bayan damina, sauran shekara tana kwance tana tsatsa, ga albashin direba yana tafiya. Idan uku suka yi karo-karo, kowace ta biya sulusi, motar kuma ba ta zauna ba. Wani Bajamushe masanin labarin ƙasa, Walter Christaller, ya bayyana irin wannan a 1933: ƙananan garuruwa kan kewaye babba, suna dogaro da shi a kan ayyukan da suka fi ƙarfinsu.

Ruwa ma bai san iyaka ba. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, shi ya sa take hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ba hannun wani ciyaman ba. Haka kwalara da ƙyanda, ba sa tsayawa a allon "Barka da Zuwa".

A jihar Connecticut ta Amurka an soke gwamnatocin gundumomi ɗungurum a 1960, daga baya garuruwa suka kafa majalisun haɗin gwiwa don tsara hanyoyi da sayen kaya tare. A nan gida, abin da ya haɗa Rano da Kibiya da Bunkure shi ne kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, sai kuma masarauta: an ƙirƙiro ta a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu a Yuli da waɗannan ƙananan hukumomi uku. Amma masarauta ba ta gyara hanya.

A wannan watan na Yuli ne Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗaka na jiha ba. Hukuncin ya faɗi inda kuɗin zai shiga. Bai faɗi wanda zai gyara kwalbatin da ke kan iyakar Rano da Kibiya ba idan ruwan Agusta ya cinye shi.