Allo Ya Yi Baƙi? Kada Ku Sauke Manhajar Nan

Wani saƙo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu na Yasore, har Batsari da Safana. Ya ce idan ka haɗa waya ko kwamfuta da babban allo domin kallon fim, allon ya yi baƙi, to gwamnati ce ta toshe, ko kuma talabijin ɗinka ta ƙone, kuma maganin shi ne ka latsa wani adireshi ka sauke manhajar da za ta “buɗe” shi. Wanda ya ƙirƙiro wannan saƙo bai ji tsoron Allah ba.

Gaskiya ɗaya ce a cikinsa: allon yana yin baƙi. Dalilin wani tsari ne mai suna HDCP, wanda kamfanin Intel na Amurka ya ƙirƙiro don hana satar fim. Kafin Netflix da ire-irensa su saki hoto, sai na'urarka ta tambayi allon ta cikin kebul ko yana da wannan kariya. In bai amsa ba, hoto ba zai fito ba, ko da sauti yana tashi. Tsohon allon kwamfuta mai kebul ɗin VGA ba shi da ita. HDMI yana ɗauke da ita, amma fim mai ingancin 4K sai da HDCP 2.2.

Batun ƙonewar talabijin ba shi da tushe: kunna wani bidiyo da ka ɗauka da kanka, za ka ga ya fito. Batun gwamnati kuwa, ban ga laifin wanda ya yarda ba, domin mun ga yadda aka katse layukan sadarwa a Batsari da Safana a watan Satumba na 2021. Amma wancan daban, wannan daban.

Inda haɗarin yake shi ne manhajar. Kariyar tana cikin kayan ƙarfen allon ne, babu abin da za ka sauke a waya ya dasa ta a allon da bai zo da ita ba. Ban ce na san wanda ke bayan wannan adireshi ba, amma an san yadda irin waɗannan manhajoji suke aiki: suna neman izinin karanta saƙonninka, kuma ta nan ne banki ke turo lambar tabbatar da cire kuɗi. Kuɗin gero ko na akuyar da aka sayar sai su salwanta cikin dare.

Abin yi mai sauƙi ne. Haɗa HDMI kai tsaye ba tare da ƴar na'urar canza baki ba, gwada wani kebul, cire ka mayar. In allon tsoho ne, a yi haƙuri a kalla a waya.

Wanda ya riga ya sauke manhajar, ya goge ta yau, ya canza lambar sirrinsa, ya sanar da bankinsa. Ƴan'uwa, don Allah kada ku tura saƙon nan gaba.