Yadda Hasken Leza Mai Ƙarfi Ke Zaizaye Fuskar Ƙarfe

Na'urorin leza da masana'antu ke yanka ƙarfe da su suna da wata matsala: hasken da ke yin aikin shi ne kuma ke cin sassan na'urar, musamman maduban tagulla da ke karkatar da shi.

Gogaggen madubin tagulla yana mayar da fiye da kashi 98 cikin 100 na hasken leza mai aiki da iskar kabon dayokside. Ɗan abin da ya rage shi ke zama zafi. Da zarar ƙura ko tsatsa ko karce ya samu fuskar madubin, wurin zai riƙa shan haske fiye da kewayensa. Ƙarfe kuwa idan ya ɗau zafi, hasken da yake sha ƙaruwa yake yi, don haka zafin ke ta hauhawa.

Tagulla tana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin Salsiyos. Idan zafin ya zarce haka sosai, sai ta tafasa ta zama tururi, tururin kuma ya rikiɗe ya zama filasma, wato iska mai ɗauke da cajin lantarki. Ƙarfin tashin tururin yana danna narkakken ƙarfen, ya watsa shi gefe, ya bar rami. Ramin nan shi zai fi shan haske a harbi na gaba.

Tsawon lokacin harbin ma yana da tasiri. Harbi mai tsawo yana ba zafi damar ratsa ƙarfe, ya narkar da gefen ramin. Gajere ƙwarai kuwa yana kwashe fuskar kafin zafin ya bazu. A shekarar 1985 Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano hanyar ƙarfafa irin wannan gajeren harbi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2018.

Wani lokaci da gangan ake neman zaizayar. A ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, ana harba hasken leza 192 cikin wani ɗan ƙaramin bututu mai rufin zinare. Bangonsa ya zama filasma, ya fitar da hasken eksire da ke matse makamashin da ke ciki. Ta haka ne, ranar 5 ga Disamba, 2022, aka samu ƙarfin da ya zarce wanda lezar ta zuba.

A masana'antu kuwa, rigakafi aka fi dogara da shi: sanyaya madubai da ruwa, hana ƙura sauka a kansu, da sauya su tun ramin farko bai faɗaɗa ba.