SAMMORE: MASANA SUN FARA BIN ƘWAYOYIN CUTAR ƊAYA BAYAN ƊAYA

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar shanu ta Iware, kusa da Jalingo, ya san saniyar da sammore ya kama. Ta rame, idanunta na zubar da hawaye, nono ya ƙafe, mai ita kuwa ya ƙosa ya sayar da ita ko da a kan hasara. Ƙudan tsando ne ke yaɗa wannan ciwo.

Har yanzu babu allurar rigakafinsa. Magungunan da makiyaya suka dogara da su, wato Berenil da Samorin, sun haura shekara 60, kuma a wurare da dama ƙwayar cutar ta fara bijire musu.

Ƙwayar tana da wata dabara. Irin da aka fi bincika, mai suna Trypanosoma brucei, yana da ƙwayoyin gado wajen 2,000 na saƙa rigar da ke lulluɓe shi, amma guda ɗaya yake amfani da ita a lokaci guda. Kafin jikin dabba ya shaida wannan riga, waɗansu sun sake wata.

A da, masana kan haɗa miliyoyin ƙwayoyin cutar su auna su gaba ɗaya, tamkar mai sauraron hayaniyar kasuwa daga nesa. To, yanzu akan ware kowace ƙwaya ita kaɗai, a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikinta.

Ta wannan hanya, cikin 2020, masanan Jami'ar Yale ta Amurka suka bincika ƙwayoyin da ke cikin yawun ƙudan tsando. Suka gano wani sinadari a bayansu, wanda da aka yi wa ɓeraye rigakafi da shi, cutar ta ragu a jininsu a farkon kamuwa. Cikin 2021 kuma, masanan Edinburgh da Glasgow suka bi diddigin yadda waɗansu ƙwayoyin kan daina hayayyafa a jini, su kintsa don komawa cikin ƙuda.

Sai dai da sauran aiki. Ire-iren da suka fi kashe shanu a Nijeriya su ne vivax da congolense. Saboda haka ya kamata Cibiyar Binciken Sammore da ke Kaduna ta sami kayan wannan aiki, domin a bincika ƙwayoyin da ke cikin jinin shanun Taraba kansu.